Gaisuwa Tara da Na'urarku Ta Kira Satar Amsa

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon aiki ta wayar hannu,
Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, na mutum da na inji. Na ce ranka ya daɗe ne bisa zato, domin wata uku na yi ina ɗalibinka ban ga fuskarka ba, ban ji sunanka ba. In mace ce ke kan kujerar, to ranki ya daɗe, a yi mini afuwa.

Sunana Malam Garba. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei Baba Mai-layi ake ce mini. Shekarata saba'in da ɗaya. Na rubuto ta jarida ne domin na nemi ƙofarku ban samu ba, kuma lokaci ya ƙure mini. Ranar Litinin mai zuwa ƙungiyar direbobinmu za ta zauna ta sauke ni daga aikin da na yi shekara talatin ina yi, saboda wani saƙo da makarantarku ta aika cewa na saci amsa a jarrabawa. Ina roƙon ka yi haƙuri da ni, tsoho ba ya iya gajarta labari. Amma zan jera maka shi ɗaya bayan ɗaya, yadda kuka koya mana.

Na ɗaya, aikina.

Manyan motoci ne ke shigowa tasharmu neman lodi, na siminti, na rodi, na katako, na kwanon rufi. Ni ke riƙe layi: wa ya riga wa zuwa, wa zai ɗauka yanzu, wa ya tafi gyaran taya ya bar gurbinsa a hannuna, wa ya ɗauki gajeriyar tafiya jiya don haka yau yake da haƙƙin doguwa. Wata rana mota arba'in, wata rana fiye. Duk a kaina suke.

Ba wani asiri ba ne. Kakata ce ta raine ni a ƙauyenmu can ƙasar Katsina, mace ce mai tatsuniya, kuma ba ta yarda ka saurara kawai ba. In ta yi maka yau, gobe kai za ka yi mata, in ka tsallake wuri ta ja maka kunne. Da na samu aikin layi sai na ba kowane direba dabbarsa a zuciyata. Wannan kura, wannan bushiya, wancan jimina saboda wuyansa. Da safe in suna shigowa sai in riƙa ƙulla labari: kura ta zo rijiya, ta tarar da bushiya ta riga ta, suna cikin gardama sai ga jimina da guga. Wanda ya yi lodi ya tafi, dabbarsa ta yi tafiya a labarin. In aka tambaye ni wa ke gaba, sai in koma bakin rijiya in duba. Direbobin ba su san dabbobinsu ba, kuma ina roƙon kada wanda ya karanta wannan ya zo ya tambaye ni tasa.

A shekara talatin ɗin nan an yi faɗa a tasharmu kan mata, kan ƙwallo, kan siyasa. Ba a taɓa ɗaga hannu kan layi ba. In na ce wane ne, to wane ne.

Na biyu, yadda na zama ɗalibinka.

Bayan ƙaramar salla Ciyaman ɗinmu, Alhaji Mudi, ya tara mu ya ce zamani ya canja. Kamfanonin da ke ba mu lodi sun ce duk mai riƙe da muƙami a tasha sai ya nuna satifiket na kula da tasha da tsaron kaya, kuma makarantarku ce ke bayarwa, ta waya, ba sai mutum ya bar wurin aikinsa ba. Ban yi gardama ba. Boko na yi shi a ajin yaƙi da jahilci ina da gemu, don haka zama ɗalibi da furfura ba baƙon abu ba ne a wurina. Na canja waya, na sayi gilashin ido, na cike fom.

Kuma in faɗi gaskiya, na ƙaru. Na san irin gobarar da ba a zuba mata ruwa. Na san tazarar da ya kamata a bari tsakanin mota da mota. Wayar kuma kullum sai ta yi ƙara ta dawo mini da tambayar da na yi kwana uku ban gani ba, wai sabuwar dabara ce da masana suka gano don kada karatu ya zube. Na yi murna ƙwarai da masana suka gano ta. A makarantar allo tishi muke ce mata, sai dai mu bulala ce ke tuna mana, ba ƙararrawa ba. Taku ta fi sauƙi a jiki.

Na uku, darasi na huɗu, wanda shi ne tushen maganar.

Sunansa dabarun riƙe karatu. Wata malama ce ke koyar da shi a bidiyo, mai jan gyale, mai natsuwa, Hausarta tas. Allah ya yi mata albarka, ba ni da ƙorafi a kanta. Ga abin da ta ce, na haddace shi don sau goma sha na kalla: “Ka rufe idanunka. Ka shiga gidanka a zuci, ɗaki bayan ɗaki. A kowane ɗaki ka ajiye abu guda da kake son tunawa, ka faɗe shi da bakinka. Ranar jarrabawa sai ka sake rufe ido ka bi ɗakunan, za ka tarar da kayanka inda ka bar su.”

Na ji daɗin wannan dabara, don ƙanwar tawa ce. Sai dai malamar ta ce gida mai ɗakuna da yawa ya fi. Ni kuwa ɗaki ɗaya nake haya a bayan kasuwa. Na gwada shi, kafin in gama babi na biyu ya cika, ƙa'idojin gobara sun hau kan na lodi, ba wurin sa ƙafa.

Sai na koma gidana na Durumi. Da hannuna na gina shi, bulo bayan bulo, da ragowar kayan da ƴan kasuwa ke rangwanta mini. Zaure, tsakar gida da bishiyar gwaiba, ɗakina, ɗakin uwargida, ɗakin yara, madafa, da ɗaki guda a gefe da wani tela, Oga Sunday, yake haya. Shekara ashirin da biyu muka yi a ciki. Wata safiya aka zo aka shafa masa jan fenti, bayan ƴan makonni katafila ta zo. Ba wannan ne ƙorafina ba yau, kuma ba ku kuka rushe shi ba. Na faɗa ne don ka san cewa gidan da malamarku ta aike ni babu shi a doron ƙasa. Wurin yanzu an kewaye shi da kwano, ciyawa ta fi ni tsawo. Amma da na rufe ido sai na same shi tsaf, har da tsagewar da ke jikin randa.

Na kwashe karatunku kaf na jera a ciki. Alamomin hanya a zaure. Ƙa'idojin ɗaure kaya a ɗakina. Taimakon farko a ɗakin yara, don can aka fi jin ciwo. Dokokin shiga da fita na ajiye wa Oga Sunday, don shi ba ya dawowa da wuri. Gobara kuwa, ina za a kai ta in ba madafa ba?

Na huɗu, ranar jarrabawa.

Ranar Laraba ce da hantsi. Na roƙi ladan ya bar ni in zauna a ɗakin ajiyar tabarmi na masallacin kasuwa, don nan ne babu hayaniya kuma netwok yana kamawa. Ni kaɗai, na jawo ƙofa. Na jingina wayar da buta. Aka ce in bar kyamara a buɗe, na bari. Tambaya ashirin, minti talatin.

Tambaya ta fito, na karanta, na rufe ido kamar yadda aka koya mini, na nufi Durumi.

To, ranka ya daɗe, a nan ne al'ada ta shigo. Ni tun da na yi wayo ban taɓa shiga gida ba sallama ba, ko nawa ne, ko ba kowa a ciki. Ƙafata ba ta iya tsallake dokin ƙofa bakina a rufe. Da na isa zaure na yi sallama. Na ɗauko amsa, na buɗe ido, na danna. Ɗakin yara, na yi sallama. Ɗakin Oga Sunday kuwa har gyaran murya na ƙara, don ɗakin haya ɗakin mutum ne, ba a faɗa masa kai tsaye. Ban san a fili nake yi ba. Ko da na sani ma, ban ga laifin ba.

Haka na yi ta shiga ina fita lafiya lau har tambaya ta goma sha takwas, wadda ta shafi gobarar man fetur. Na nufi madafa, na yi sallama.

Aka amsa.

Uwargidana Hajiya Binta shekara biyu ta yi bayan rushe gidan, Allah ya karɓi abarsa. Duk kwanakin da na yi ina jera karatu a madafar nan ban same ta ba, wurin shiru, sai tukwane. Ran nan kuwa ga ta a kan kujerarta ƴar tsugunno, ta juya baya tana fifita wuta da murfin kwano, ta ce, “Wa alaikumus salam. Malam, yau da wuri haka?” Yadda take faɗa in na dawo kafin la'asar.

Na san zuciyata ce. Ban haukace ba, kuma ban zo in gaya maka na ga fatalwa ba. Amma shekara talatin da takwas na zauna da matar nan, ba zan ɗauki amsa a gefen murhunta in juya in fita kamar ban gan ta ba. Na ce mata sannu da aiki. Na tsaya kaɗan. Da na buɗe ido gilashina ya jiƙe, na amsa ta goma sha takwas da ƙyar, kafin in goge shi in karanta ta gaba lokaci ya cika.

Wayar ta nuna mini sakamako nan take: goma sha takwas cikin ashirin. Duk wadda na amsa daidai ce. Biyun da suka rage lokacinsu ne na kashe a madafa, kuma ban yi nadama ba.

Na biyar, saƙonku.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo cewa an soke sakamakona. Na'urar da ke sa ido ta kama ni da laifi uku. Ɗaya, idanuna sun bar fuskar waya sau da yawa. Biyu, leɓɓana suna motsi. Uku, an ji muryata ina magana da wani mutum har sau tara. Hukunci: satar amsa, ba zan sake zama ba sai bayan wata shida, kuma an aika kwafi ga ƙungiyar da ta turo ni.

Ina so in yaba wa na'urar nan, don ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Na rufe ido, malamarku ce ta ce in rufe. Leɓɓana sun motsa, ita ta ce in faɗa da bakina. Sau taran ma na zauna na ƙirga, daidai ne: sallama takwas da sannu da aiki guda. Lissafinta ya fi na wasu masu awon rodi a kasuwarmu. Abin da ban gane ba shi ne, malamar da na'urar ba ma'aikatan gida ɗaya ba ne? Ba sa gaisawa? Ɗaya ta koya mini abu wata uku, ɗaya ta kama ni don na yi shi. Da na yi watsi da darasi na huɗu na zura wa waya ido kamar mujiya, na faɗi rabin tambayoyin, da yanzu ni mutumin kirki ne a wurinku.

Na shida, neman da na yi muku.

A ƙasan saƙon an ce mai ƙorafi ya rubuto. Na rubuta sau uku. Sau uku aka amsa mini cikin ƙiftawar ido cewa an gode, saƙona yana da muhimmanci ƙwarai. Ban taɓa ganin wurin da ake girmama saƙo irin naku ba, har an hana kowa taɓa shi.

Sai na sa babbar riga na shiga mota zuwa adireshin da ke jikin fom ɗinku, hawa na biyu a wani dogon bene cikin gari. Na hau da gwiwoyin nan nawa. Na tarar da ƙofa da kwaɗo, da allonku mai kyau a sama. Mai gadin benen, wani dattijo Bagwari mai fara'a, ya dube ni ya ce, “Baba, kai ma waya ya kama ka? Jiya wani mata ya zo, shi kuma ɗansa ne ya yi kuka a baya, aka ce ana gaya masa amsa.” Na ce to yaushe masu ofishin ke zuwa? Ya ce, “Oga, su ba ya zuwa. Suna onlayin.” Ya ba ni kujera na huta, ya ba ni ruwa. A duk makarantarku shi kaɗai ne ya saurari labarina har ƙarshe, shi kuma ba ma'aikacinku ba ne.

Na bakwai, abin da saƙon ya jawo, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Alhaji Mudi mutumin kirki ne, amma mai bin takarda ne. Ya karanta saƙonku a taron mako, a gaban direbobi, don haka dokar ƙungiya ta ce. Ya karanta yana kallon ƙasa. Bayan an watse ya riƙe hannuna ya ce, “Baba, wallahi na san ba halinka ba ne. Amma kamfani ba su san ka ba, takarda suka sani. Ka samo mini ko layi biyu daga makarantar kafin Litinin ta sama, in ba haka ba hannuna a ɗaure yake.”

Wannan ban ji zafinsa sosai ba. Bencin da nake zama a kai ina riƙon layi ba gadona ba ne, wata rana dole in tashi. Abin da ya same ni shekaranjiya ne.

Motoci biyu suka shigo kusan tare, aka tambaye ni, na ce ta Isiyaku ce ta biyu. Isiyakun nan tun yana yaron mota na san shi, ni na tsaya masa ya samu tuƙi. Ya sauko ya tsaya a gabana yana murmushi, ya ce, “Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ka tabbata? Tunda har inji ya kama ka, wa ya sani ko mu ma an daɗe ana yi mana?” Aka yi dariya. Wani ya ce, “Kai Isiya, ba ka da kunya!” Shi ma ya ce wasa yake yi. Na yarda wasa ne. Amma shekara talatin ba wanda ya taɓa yin irin wannan wasan, kuma da aka gama dariyar na ga mutum biyu sun je suna tambayar mai shayi wa ya ga ya fara shigowa.

Jiya da safe na tsaya a shago na sayi littafi da biro. Yanzu duk motar da ta shigo sai in rubuta lambarta da lokaci, in juya littafin yadda kowa zai gani. Ban manta komai ba, kaina yana nan yadda yake. Maganata ce ta daina isa. Na shiga makarantarku in koyi riƙe abu a ka, na fito da littafi a hammata. Wasiƙar nan ma daga tsakiyarsa na ciro takardunta.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Ina roƙon a sa mutum, mai rai, mai jin Hausa, wanda aka taɓa yi wa sallama ya amsa, ya zauna ya kalli bidiyon jarrabawata da sauti. Minti talatin ne kacal. In ya ji an gaya mini amsa ko guda, ku ƙara mini wata shida a kan shidan, ba zan ce uffan ba.

In bai ji ba, ina roƙon layi biyun nan zuwa ga Alhaji Mudi kafin Litinin, da sa hannun mutum mai suna. Satifiket ɗin in kun ga dama ku riƙe, in sake zama. Kalmar nan nake so a janye, kuma a janye ta a rubuce, don a karanta a taro a gaban waɗanda aka karanta ta farko.

Ina roƙon ku haɗa malamar da na'urar a ɗaki ɗaya su daidaita. Ko a daina koya wa mutane rufe ido, ko a daina kama su in sun rufe. Matar nan mai jariri da mai gadi ya ba ni labarinta ma a duba lamarinta, ban san ta ba, amma na san abin da take ji.

Sannan a ƙara gargaɗi kaɗan a farkon darasi na huɗu. A garin nan, kafin a ce wa dattijo ya rufe ido ya shiga gidansa, ya kamata a tambaye shi ko gidan yana tsaye, da kuma wa ya bari a ciki.

Ranar Litinin zan je tasha bayan asuba kamar kullum, in jera motocina. Taron ƙarfe goma ne. In takardarku ta iso, alhamdu lillahi. In ba ta iso ba, ba zan bari Alhaji Mudi ya sha wahalar faɗa mini ba, ƙarfe goma saura kwata zan tashi da kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci makarantarka, ya sa ta amfani na baya. Allah ya raba ka da shaidar da ba ta jin bayani. Ranar da kowa zai tsaya a karanta masa abin da aka rubuta a kansa, Allah ya sa a saurare ka har ƙarshe.

Wassalam.

Naka ɗalibi,
Malam Garba Mai-layi,
Tashar manyan motoci, kasuwar kayan gini, Dei-Dei.